Shirye-shiryen Talabijin na Turai Waɗanda Ba Su Ƙetare Iyaka Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da nake yawan ji a bakin masu sharhin fina-finai, wadda kuma takan ɓullo jefi-jefi a shafukan nishaɗi. Maganar ita ce wai duk shirin talabijin da ya amsa sunansa sai ya zagaya duniya, wanda kuwa ya maƙale a ƙasarsu to ingancinsa ne bai kai ba. Na yi 'yan shekaru ina karatu a arewacin Ingila, na kuma leƙa Jamus fiye da sau ɗaya a lokutan hutu, kuma abin da idona ya gani a falukan mutanen can ya saɓa wa wannan hukunci ƙwarai da gaske. Shirye-shiryen da Turawa suka fi ƙauna, waɗanda suke tsara lokacin cin abincin darensu a kansu, galibinsu ba mu taɓa jin ko sunansu ba, kai har maƙwabtansu na ƙetaren iyaka ma sau da yawa ba su san da zamansu ba.

Bari in fara da wanda kowa ya sani. Da wuya a sami mai talabijin da bai san Mr Bean ba, wannan dolon da Rowan Atkinson ya fito a matsayinsa, amma mutane ƙalilan ne suka san cewa ainihin shirin kashi 15 ne kacal, waɗanda aka fitar tsakanin 1990 da 1995, galibinsu a tashar ITV. Abin da ya ba shi ƙafar yawo shi ne kusan ba ya magana, don haka mai kallo a kowace nahiya zai ga mutum yana kokawa da wandonsa a bakin teku ya fashe da dariya ba tare da tafinta ba. To amma wanda ya kalli Mr Bean da gasar Firimiya da wani fim na gidan sarauta, sannan ya ce ya san abin da Turawan Ingila suke kallo, hangen Dala kawai ya yi, bai shiga birni ba. Waɗannan kayan zaure ne da ake shimfiɗa wa baƙo, na cikin gida kuwa daban suke.

A gidan da na yi haya, mai gidan wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu. A makona na farko ta shiga ba ni labarin wata mata da mijinta ya ci amanarta, da irin halin da 'ya'yanta suka shiga, tana girgiza kai tana tsaki, har tausayi ya kama ni na yi mata jaje, na tambaya ko 'yar'uwarta ce. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai a talabijin ne. Ranar na fara jin sunan Coronation Street, wanda su a can suke taƙaitawa su ce Corrie kamar sunan ɗiyar gida. An fara nuna shi ranar 9 ga Disamba, 1960, wani matashi mai suna Tony Warren da bai cika shekara 25 ba shi ya ƙirƙiro shi wa kamfanin Granada na Mancesta, kuma kashi 13 kawai aka fara amincewa a yi domin a gwada. A watan Fabrairun 2020 ya cika kashi 10,000. Labarin bai wuce na wani layi ɗaya na talakawa ba, da gidajensa na jan bulo manne da juna, da kanti a kusurwa, da mashayar unguwa inda ake haɗuwa ana gulma. William Roache ya fito a matsayin Ken Barlow tun kashi na farko yana saurayi, ya tsufa a gaban idon masu kallo, har ya zama akwai kakanni a Ingila waɗanda tun suna goye ake kallonsa a gidansu.

Ya Edita, ƙarfin irin wannan shiri a ƙasarsu ya wuce yadda mutum zai zata. A 1998, da labarin ya kai inda aka ɗaure wata mata mai suna Deirdre bisa zalunci, jaridu suka ɗauki gangamin neman a sake ta kamar mutum ce ta gaske, har ofishin Firaminista Tony Blair ya tsoma baki cikin raha. Kishiyarsa ta gidan BBC, wato EastEnders, wadda aka fara a Fabrairun 1985 a kan rayuwar gabashin Landan, ta tara masu kallo sama da miliyan 30 a kashin ranar Kirsimetin 1986 idan aka haɗa da maimaici, wato fiye da rabin al'ummar ƙasar a lokacin, kuma abin da suka taru su gani bai wuce wani miji yana miƙa wa matarsa takardun neman rabuwa ba. Injiniyoyin da ke kula da layukan wutar lantarki na ƙasar sun daɗe suna bin jadawalin talabijin sau da ƙafa, domin da zarar irin wannan shiri ya ƙare sai miliyoyin gidaje su kunna butar lantarki a lokaci ɗaya don dafa shayi, buƙatar wuta ta yi tsalle cikin 'yan mintoci. Na sha ganin haka a gidanmu, domin kiɗan rufewa bai gama tashi ba dattijuwar nan ta riga ta nufi kicin. Duk da haka, in ka cire ƙasashe irin su Kanada da Niyu Zilan inda Coronation Street yake da masoya na haƙiƙa, yawancin duniya ba ta san an yi ruwansa ba.

Barkwancinsu ya fi haka wuyar tafiya. Idan aka tambayi Turawan Ingila shirin ban dariyar da suka fi so, da yawa za su ambaci Only Fools and Horses, wanda John Sullivan ya rubuta, aka nuna daga 1981 zuwa 2003. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne a unguwar Peckham ta kudancin Landan, 'yan buga-buga masu sayar da kayan da ba a cika tambayar asalinsu ba, suna yawo a wata 'yar kurkurar mota rawaya mai ƙafa uku, babban wan kullum yana lallashin ƙanensa cewa war haka baɗi sun zama miloniyoyi. A kashin ƙarshen 1996, wanda mutum miliyan 24.3 suka kalla, sai ga shi wani tsohon agogo da suka yasar a gareji an yi gwanjonsa a kan fam miliyan 6.2. Na zauna da 'yan ajinmu ana kallon maimaicinsa, suna riƙe ciki don dariya, ni kuwa da nake tinƙaho da Turancina ina zaune kamar an kai kurma gidan kiɗa. Daɗin abin yana cikin karin harshen 'yan kasuwar Landan, da yadda wan yake jefa kalmomin Faransanci a inda ba muhallinsu ba don a ce shi ma wayayye ne, da kuma sanin wane ne ɗan wane a tsarin ajin mutanen Ingila. Wanda bai tashi a cikin wannan ba sai an yi masa bayani, kuma barkwancin da sai an yi bayaninsa ya riga ya huce. Abin mamaki, shirin ya sami karɓuwa sosai a Sabiya da maƙwabtanta na tsohuwar Yugosilabiya, kuma a ganina dalili shi ne su ma sun san rayuwar buga-buga da fatan baɗi, sun ga kansu a cikinsa.

Akwai kuma wanda labarinsa ya juye, kuma shi ne ya fi ba ni mamaki a duk abin da na gani. Wata jajiberin sabuwar shekara na kasance a gidan wani abokin karatuna Bajamushe, sai na ga iyalin duka, tun daga kaka har jikoki, sun taru gaban talabijin suna kallon wani ɗan gajeren wasa marar launi, na kimanin minti 18, kuma da Turancin Ingila ake yin sa ba tare da fassara ba. Sunansa Dinner for One. Wata tsohuwa ce mai suna Miss Sophie take bikin cika shekara 90, ta sa an shirya teburi domin abokanta huɗu waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya, sai baranta James yake zagaya kujerun yana kwaikwayon muryar kowannensu yana shanye abin da aka zuba masa. Abinci kala huɗu ne, kowanne da giyarsa, don haka kafin a kai ga 'ya'yan itace baran ya yi tatul, yana ta tuntuɓe da kan wata fatar damisa da aka shimfiɗa a ƙasa. Yaran gidan sun haddace kowace kalma, suna faɗa kafin ɗan wasan ya faɗa. Gidan talabijin na NDR ne ya ɗauki wasan a Hambag a 1963, da 'yan wasan Ingila biyu, Freddie Frinton da May Warden, kuma tun 1972 ake maimaita shi kowace jajiberin sabuwar shekara a Jamus, haka ma a Danmak da Suwidin, yayin da mutanen Norwe suke kallon nasu ranar 23 ga Disamba. Frinton ya rasu a 1968, bai ga wannan ɗaukaka ba. Da na koma Ingila na tambayi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, ban sami ko mutum guda da ya taɓa jin sunan wasan ba, kuma sai a ƙarshen 2018 wata tasha ta nuna shi ga ƙasar baki ɗaya. Ga wasa da harshensu, da 'yan wasansu, a kan al'adarsu ta masu gida da barori, amma sai da ya ƙetare teku ya sami gida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba inganci ne kawai yake yanke hukuncin inda shiri zai zauna ba, akwai sabo, akwai kuma sa'ar lokacin da aka fara nuna shi.

Ainihin abin da Jamusawa suka riƙe kuwa shi ne Tatort, ma'ana wurin da aka aikata laifi. Tun 29 ga Nuwamba, 1970 tashar ARD take nuna shi, kuma lokacinsa sananne ne kamar fitowar rana, wato Lahadi da ƙarfe 8:15 na dare, da zarar an gama labarai. Ba a sauya hotunan buɗe shirin ba sai 'yan gyare-gyare, har yau idanun nan ne na wani mutum da ƙafafu masu gudu a kan jiƙaƙƙen titi da kiɗan da Klaus Doldinger ya tsara. Tsarinsa ne ya burge ni. ARD haɗakar gidajen talabijin na jihohi ce, saboda haka kowane gida yana shirya nasa kashin da nasa jami'an bincike a nasa birnin, wannan mako a Kolon, mai zuwa a Miyunik ko Kil, wani lokaci a Biyana ko Zurik tunda Ostiriya da Suwizalan ma suna ciki. Kowane kashi minti 90 ne kuma labarinsa yana ƙarewa a daren, amma a ƙarƙashin binciken kisan akan saƙa wata matsala da ke damun ƙasar, kamar tsadar haya ko baƙin haure ko wulaƙancin da tsofaffi suke gani a gidajen kula da su. Jami'an birnin Munsta, waɗanda suka fi karkata ga raha, sukan tara masu kallo fiye da miliyan 10. Shirin ya cika kashi 1,000 a 2016. Har Jamus ta Gabas, a zamanin da katanga ta raba ƙasar, sai da ta ƙirƙiro nata mai suna Polizeiruf 110 a 1971, kuma bayan haɗewar 1990 bai mutu ba, yana karɓa-karɓa da Tatort a wannan lokaci na daren Lahadi.

Abokina ya taɓa kai ni wani gidan cin abinci a Kolon daren Lahadi. Na tarar an juya kujeru duka sun fuskanci allo, ma'aikata suna tafiya a hankali kamar masu jinya, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Da aka gama sai wuri ya kaure da musu, wannan yana cewa tun minti ashirin ya gano mai laifin, wancan yana cewa marubucin ya yi lalaci, wata tana cewa na makon jiya ya fi. Na tambayi abokina, tunda kowa kushe yake yi, me ya sa ba za su daina kallo ba. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce to Litinin da safe a wurin aiki me mutum zai ce? A nan na gane cewa ko da an fassara Tatort zuwa harsuna ɗari, ba za a iya fassara daren Lahadin da safiyar Litinin ɗin ba, kuma rabin daɗin shirin a nan yake.

Wasu ƙasashen kuma tarihinsu suka zuba a cikin labarin iyali ɗaya. Danmak tana da Matador, kashi 24 da aka nuna daga 1978 zuwa 1982, wanda Lise Nørgaard ta ƙirƙira. Wani ɗan koli ne ya sauka a wani ƙaramin gari a 1929, manyan garin suka raina shi, banki ya hana shi rance, sai ya buɗe kantin tufafi daura da na masu raina shi, a hankali ya haɗiye kasuwarsu, har ya kafa nasa bankin, kuma yana hawa yana zama irin mutanen da ya tsana. Labarin ya ratsa matsin tattalin arzikin shekarun 1930 da mamayar Jamus ta 1940 zuwa 1945, ya tsaya a 1947, kuma an maimaita shi sau da yawa ba tare da 'yan ƙasar sun gaji ba. Sifaniya kuma tana da Cuéntame cómo pasó, wanda ya gudana daga 2001 zuwa 2023, ya bi iyalin Alcántara tun daga 1968 lokacin da suka sayi talabijin ɗinsu ta farko, ta cikin ƙarshen mulkin Janar Franco da mutuwarsa a 1975 da yunƙurin juyin mulkin 1981. Ɗan Sifaniya yana kallo yana tuna inda yake a ranar, yana gane irin labulen da ke ɗakin kakarsa. Baƙo kuwa zai ga labari mai kyau, amma abin da yake sa 'yan gida hawaye zai wuce shi bai lura ba.

Na arewacin Turai kuwa sai dai in faɗa a taƙaice, domin ni kaina har yau ban gama fahimtarsu ba. A 2009 gidan talabijin na NRK a Norwe ya ɗora kyamara a goshin jirgin ƙasa daga Bagen zuwa Oslo, ya nuna tafiyar kimanin awa 7 ba yankewa, mutane suka zauna suna kallon dusar ƙanƙara da duhun ramukan duwatsu. A 2011 suka ƙara da tafiyar jirgin ruwa ta awa 134 kai-tsaye a gaɓar tekun ƙasar, kimanin rabin al'umma suka leƙa, mutanen ƙauyuka suna fitowa bakin ruwa da tutoci domin a gan su. A 2013 aka kwana ana nuna faskaren itace da wuta tana ci a murhu, masu kallo suna aiko da ƙorafi a kan ko ɓawon itacen sama ya kamata ya kalla ko ƙasa idan ana jera shi. A Finlan kuma, cikin abubuwan da aka fi kallo a shekara akwai liyafar ranar 'yancin kai ta 6 ga Disamba, inda shugaban ƙasa da iyalinsa suke tsayawa suna musabaha da baƙi kusan 2,000 ɗaya bayan ɗaya, mutanen gida kuma suna zaune suna tantance tufafin kowa. Ko a cikin Birtaniya kanta akwai Pobol y Cwm, wasan kwaikwayo da harshen Welsh da ake yi tun 1974, wanda mafi yawan mutanen Landan ba su taɓa kallon ko minti ɗaya nasa ba.

To me ya hana su tafiya? Harshe yana kan gaba, kuma Turai ba ta da hanya ɗaya ta magance shi. Jamus da Faransa da Italiya da Sifaniya sun saba ɗora muryoyin 'yan wasansu a kan shirin baƙi, aiki mai tsada wanda ba a yi wa kowane shiri, Holan da ƙasashen arewa sun fi son rubutun fassara a ƙasan allo, Polan kuwa mutum ɗaya ne yake karanta maganar kowa, mace da namiji, da murya ɗaya. Sai kuma tsawo, domin babu tashar da za ta sayi kashi 10,000, kuma wanda ya shiga a tsakiya bai san wa ya auri wa a 1985 ba. Amma dalilin da na fi ba wa nauyi shi ne kuɗi. Manyan gidajen talabijin na gwamnati a can jama'a ne suke ɗaukar nauyinsu kai-tsaye: a Birtaniya gidan da ke kallon talabijin yana biyan lasisin da ya haura fam 170 a shekara, a Jamus kuma kowane gida yana biyan yuro 18.36 a wata tun 2021. Wanda jama'ar gida suke biya, jama'ar gida zai faranta wa rai, ba ruwansa da ko mutumin wata nahiya zai gane. Wannan ne ma ya sa manhajojinsu na intanet, irin su iPlayer na BBC, suke rufe ƙofa ga wanda yake wajen ƙasar, saboda haƙƙin nunawar da suka mallaka na cikin gida ne.

Abin da yake ƙetare iyaka cikin sauƙi shi ne ƙirar shiri, wato tsarinsa, a bar naman a gida a sayar da ƙashin. Who Wants to Be a Millionaire na Birtaniya ne, an fara shi a 1998, aka sayar da tsarinsa ga ƙasashe fiye da 100, kowace ta sa nata mai gabatarwa da nata kuɗin. Big Brother a 1999 da The Voice a 2010 duk daga Holan suka fito, amma masu kallonsu nawa ne suka san haka? Countdown, gasar haɗa kalmomi da lissafi wadda ita ce shirin farko da tashar Channel 4 ta buɗe da shi a 1982, Turawan Ingila suna ɗaukarta tasu ce ta gado, alhali daga Faransa aka aro ta. Jamusawa sun dubi Coronation Street suka gina nasu layin mai suna Lindenstraße a 1985. Amurkawa kuwa sun fi kowa iya wannan ciniki: The Office na BBC kashi 14 ne, nasu da suka sake ginawa a kansa ya kai 201, kuma yau shi duniya ta fi sani. Saboda haka sau da yawa mun ci amfanin tunanin Turai ba tare da mun ga fuskar masu shi ba.

Na san za a ce mini zamani ya sauya, kuma akwai gaskiya a ciki. La casa de papel shiri ne na tashar Antena 3 ta Sifaniya a 2017, masu kallonsa a gida har sun fara raguwa, sai Netflix ta saye shi ta watsa wa duniya, ya zama abin da ya zama. Amma a duba irin waɗanda suke samun wannan sa'a, kusan duka na fashi ne ko kisa ko leƙen asiri, domin bindiga ba ta buƙatar tafinta. Labarin tsohuwar da take rigima da maƙwabciyarta a kan kwandon shara ba ya cikinsu. Abin da ya fi damuna ma shi ne shirin da aka tsara tun farko domin kasuwar duniya yakan fito a kankare, an rage karin harshe, an cire barkwancin unguwa, birnin da aka nuna zai iya zama kowane birni. A ɗaya gefen kuma na gidan suna ja da baya, domin matasa sun koma wayoyinsu. An rufe Lindenstraße a Maris ɗin 2020 bayan shekara 34, Plus belle la vie na Faransa, wanda aka gina a kan wata unguwa ta Marsai tun 2004, tasharsa ta dakatar da shi a 2022 kafin wata ta farfaɗo da shi, kuma masu kallon Coronation Street a yau ba su kama ƙafar na shekarun 1980 ba.

Kada a fahimce ni da cewa ina kiran jama'a su bazama neman waɗannan shirye-shirye. Da yawansu suna ɗauke da abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, mashaya ita ce dandalin yawancin na Ingila, kuma akwai waɗanda ni kaina na tashi na bar falon saboda su. Wasu kuma, gaskiya, gundura ce zalla ga wanda ba ɗan gida ba. Abin da nake nema shi ne masu sharhinmu su daina kiran fina-finan Amurka da sunan na Turawa gaba ɗaya kamar duk kanwar ja ce, su kuma daina auna darajar shiri da yawan ƙasashen da ya shiga. Ɗalibin da zai tafi karatu Jamus, da ɗan kasuwar da yake hulɗa da Italiya ko Sifaniya, da ɗan jaridar da yake fassara labaran Turai, duk za su ƙaru idan suka san abin da mutanen nan suke kallo idan sun rufe ƙofa, domin a nan ake jin abin da suke tsoro da abin da suke yi wa dariya.

Saboda haka ina ba da shawara, ya Edita, a ware ɗan gurbi a shafin nishaɗi ko da sau ɗaya a wata, a ɗauki ƙasa ɗaya da shiri ɗaya a yi bayaninsa: yaushe aka fara, wa yake biya, su wa suke kallo, kuma me ya sa ya zauna. Akwai masu karatu da yawa da suke zaune a waɗannan ƙasashe waɗanda za su iya rubutowa daga abin da suka gani da idonsu, musamman a kan Italiya da Polan da ƙasashen gabas, inda ƙafata ba ta taka ba. Idan aka amince, ni zan ɗauki nauyin na farko a kan Tatort, tunda har yanzu abokin nan nawa yakan aiko mini da saƙo ranar Litinin yana kushe na daren jiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarku a kullum.